Yadda Ake Raba Garka Da Kututture

Da yawa daga cikinmu a nan Garwa muna da 'yar garka ko fili a bayan gari, inda muke sauke shanun da muka sayo a Adumri ko muka koro daga Cadi, su huta kafin a nufi Mubi da su. To, an sare itatuwan wurin, amma kututturan suna nan. Bara wani bijiminmu ya yi karo da ɗaya cikin dare, ƙafa ta karye, dole muka kira mahauci ya saya yadda ya ga dama. Shi ya sa muka ce bari mu yi wannan bayani.

Da farko a san irin itacen. Darbejiya, wadda ta cika Garwa da Marwa, ba ta mutuwa don an sare ta. Da ruwa ya sauka sai ta yi toho daga kututturen, har daga saiwoyi. Ƙirya kuwa ko gara ba ta iya mata, sai ta shekara da shekaru tana zaune.

Hanyar da ta fi ita ce tono, kuma lokacinsa ƙarshen damina, wajen Oktoba, ƙasa da sauran laima. A watan Maris ko diga sai ta yi tsalle. A haƙa rami kewaye da kututturen, a bi manyan saiwoyi da gatari ɗaya bayan ɗaya, sannan a ɗaura sarƙa a sa shanun noma su ja. Mai shirin sare itace ya bar kututturen ya kai ƙugu, don sarƙa ta sami abin kamawa. Wanda aka sare dab da ƙasa shi ne mai ba da wuya.

Idan babba ne, sai wuta, amma fa sai ya bushe. Mu da muke da kandilo a banza, a tula shi a kai, a kunna, a bar shi yana ci a hankali kwana biyu ko uku. A nan ne mutane suke sakaci. Wutar tana bin saiwa ta shiga ƙarƙashin ƙasa, ta bar kogo, sama kuma kamar lafiya lau. Sa mai nauyi ya taka, ƙafa ta zurma. Sai an zuba ruwa, an cike ramin da ƙasa an daddaɓe, kafin a shigo da dabba. Kada kuma a kunna ranar da iskar hunturu take kaɗawa, ga harawa da karan dawa a gefe.

Akwai masu huda kututture su ɗura takin yuriya don ya ruɓe da wuri. A lambun da dabba ba ta shiga, to. Amma a wurinmu a'a, domin saniya in ta lashi yuriya da yawa tana iya faɗuwa cikin awa guda. Gishiri ma haka: yana kashe ƙasa, shanu kuma su yi ta tonon wurin. Maganin ciyawa na gonar auduga kuwa, a nisanta shi da kwamin ban ruwa.

Wanda ba ya gaggawa, ya riƙa karye tohon da zarar ya fito, ya lulluɓe kututturen da ɗanyen kashin shanu, gara ta yi sauran aikin. Kafin nan a kewaye shi da ƙaya.