Daga Babban Mutum zuwa Kudan: tafiya zuwa gonakin inabi na Arewa

A ƙasashen Turai da Amurka, yawon buɗe ido a mota cikin gonakin inabi sana'a ce babba da ke ciyar da ƙauyuka da dama. Arewacin Najeriya ma yana da nasa yankin inabi, ko da yake ba kowa ne ya san da shi ba.

Jamus ce ta buɗe fitacciyar hanyarta ta gonakin inabi a 1935, mai tsawon kimanin kilomita 85. Yankin Alsas na Faransa ya bi sahu a 1953, sannan Afirka ta Kudu ta buɗe tata a Stellenbosch a 1971.

A waɗannan wurare giya ce jigon tafiyar, abin da Musulunci ya haramta. Amma a ƙaramar hukumar Kudan ta jihar Kaduna, arewa da Zariya, ana noma inabin ne domin ci, kuma yankin ya yi suna a matsayin cibiyar nomansa a Najeriya.

Matafiyin da ya taso daga Babban Mutum, garin kan iyaka da Nijar a ƙaramar hukumar Baure ta masarautar Daura, zai iya isa can a wuni guda. Hanyar da kanta tana bayyana dalilin da ya sa inabi ya karɓi Kudan.

Yadda ƙasa ke sauyawa

A kewayen Babban Mutum ƙasar jigawa ce, ruwan sama kuma kaɗan ne. Gero da wake da gyaɗa da riɗi ne suka fi yawa, sai itatuwan gawo da kuka da goruba nan da can.

Daga nan hanya biyu ce zuwa Kano. Akwai ta Babura a jihar Jigawa, akwai kuma ta Baure da Zango zuwa Daura, inda rijiyar Kusugu take, wadda tarihin Bayajidda ya sa ta shahara.

Wanda ya bi ta Daura zai ratsa duwatsun Kazaure, ya wuce Dambatta, kafin ya shiga Kano.

Kudu da Kano al'amarin ya sha bamban. A Kura da Kadawa, ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ya sa ana ganin koren shinkafa da tumatir da alkama ko da tsakiyar rani.

Da an doshi Zariya sai ƙasa ta ƙara nauyi, masara da rake su yawaita. Ruwan da ake samu a Samaru yakan kai kimanin milimita 1,000 a shekara, fiye da na ƙasar Daura nesa ba kusa ba.

Me ya sa inabi ke yi a nan?

A Turai kurangar inabi takan zubar da ganye ta huta lokacin sanyi. A ƙasashe masu zafi ba ta samun wannan hutu, don haka manomi ne ke tsara mata lokaci ta hanyar datse rassa.

Idan aka datse su a ƙarshen damina, kurangar za ta yi sabon toho, ta yi fure, 'ya'yan kuma su nuna da rani. Wannan yana da muhimmanci, domin damshin damina na haddasa cututtukan da ke ruɓar da ganye da 'ya'ya.

Busasshiyar iskar hunturu, da hasken rana, da sanyin dare, su ne ke taimaka wa inabin ya yi zaƙi. Ke nan lokacin da ya fi dacewa da ziyara shi ne daga tsakiyar hunturu zuwa gab da bazara, sa'ad da nonnan inabi ke rataye a ƙarƙashin rumfuna.

Sai dai noman yana cin jari. Dole a kafa turaku, a ja waya domin kurangar ta hau, a tanadi ruwan ban-ruwa, a kuma kare 'ya'yan daga tsuntsaye. Amfaninsa shi ne kuranga ɗaya takan yi shekaru masu yawa tana bayarwa.

Kasuwa ce matsalar

Inabi ba ya jure zafi bayan an tsinke shi. Manomin da ba shi da ɗakin sanyi tilas ya sayar cikin 'yan kwanaki, a kan farashin da dillali ya yanka masa.

A lokaci guda kuma, manyan kantunan Abuja da Legas da Kano na sayar da inabin da ake shigowa da shi daga ƙasashe irin su Afirka ta Kudu da Masar, a kan farashi mai tsada.

A nan ne darasin Turai ke da amfani. Abin da hanyoyin inabi suka yi a can shi ne kai mai saye har bakin gona, inda kuɗinsa ke shiga hannun manomi kai tsaye, masu abinci da masu masauki su ma su samu.

Ba sai da giya hakan ke yiwuwa ba. Birnin Ɗa'ifa na Saudiyya yana jan baƙi da lambunansa na inabi da rumman, Turkiyya kuma na cikin ƙasashen da suka fi fitar da zabibi a duniya.

Kudan na da wata dama ta daban, wato kusancinta da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, da kuma babbar hanyar Kano zuwa Zariya, wadda aka sanya cikin aikin sake ginawa da aka soma a 2018.

Babban ƙalubalen shi ne tsaro. Satar mutane domin kuɗin fansa a sassan jihohin Katsina da Kaduna ta sa matafiya da yawa sun daina ratse hanya zuwa ƙauyuka, kuma sun fi son tafiyar rana.

Muddin ba a samu kwanciyar hankali da wuraren adana amfanin gona ba, inabin Kudan zai ci gaba da zuwa neman mai saye a birni, maimakon mai saye ya zo ya same shi a gona.