Yadda ƙwayoyin bakteriya ke saƙa gashin da suke maƙalewa da shi a jikin ɗan Adam

A duk lokacin da mutum ya yi fitsari, ruwan yakan wanke mafitsara da hanyar da yake bi, ya yi awon gaba da mafi yawan ƙwayoyin cutar da suka kutsa ciki. To amma akwai waɗanda ruwan ba ya iya ɗauka.

Kan gaba a cikinsu ita ce bakteriyar E. coli, wadda ke zaune a hanjin kowa ba tare da cutarwa ba, amma wasu nau'o'inta ke haddasa kimanin kashi uku cikin huɗu na ciwon mafitsara. An ƙiyasta cewa kusan rabin mata kan gamu da wannan ciwo aƙalla sau ɗaya a rayuwarsu.

Abin da ƙwayar ke riƙe jiki da shi wasu siraran zaruruwa ne masu kama da gashi, waɗanda ke tsirowa ɗaruruwa a bayanta. James Duguid na Jami'ar Edinburgh ya yi bayaninsu a 1955, kana a 1959 Ba'amurke Charles Brinton ya raɗa masu suna pili, wato gashi a harshen Latin.

Kaurin kowane zare bai wuce nanomita 7 ba. Gashin kan mutum ya fi shi kauri kusan sau 10,000.

Gini a bayan ganuwa

E. coli na cikin rukunin bakteriyar da ke da fata biyu, ta ciki da ta waje, da wani ɗan lungu a tsakaninsu.

A can cikin ƙwayar ake ƙera tubalan gashin, waɗanda furotin ne, amma a bayan fatar waje ake son ginin ya tsaya. Ke nan dole kowane tubali ya ƙetare ganuwa biyu, ya kuma hau inda ya dace.

Abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai shi ne batun makamashi. Sinadarin ATP, wanda shi ne man da halittu ke gudanar da ayyukansu da shi, babu shi a lungun da ke tsakanin fatun biyu. Amma duk da haka ana jera tubali kusan 1,000 a zare guda, bisa tsari, ba tare da wani injin da ke tura su ba.

An samo amsar ce sannu a hankali, kuma akasarin aikin ya fito ne daga ɗakunan binciken Scott Hultgren na Jami'ar Washington da ke St Louis a Amurka, da Gabriel Waksman, wanda daga bisani ya koma Landan, da kuma wasu masana a Suwidin da Suwizalan.

Ɗan rakiya da tubali mai giɓi

Da zarar tubali ya ƙetare fatar ciki, sai wani furotin ya tare shi. Sunan da masana suka ba wannan furotin na nufin ɗan rakiya, kuma tun a 1989 aka gano siffarsa a Suwidin. Idan babu shi, tubalan kan cukurkuɗe, ƙwayar ta narkar da su ta huta.

Sai a 1999 aka fahimci dalilin hakan, lokacin da wasu ayari biyu na masu bincike suka wallafa siffar ɗan rakiya riƙe da tubali a mujallar Science.

Ashe kowane tubali da naƙasa ake ƙera shi. Irin naɗin da yake da shi na buƙatar silli bakwai kafin ya cika, amma shida yake da su. A inda ya kamata na bakwai ya kwanta akwai wani dogon gurbi, kamar kube babu wuƙa.

Ɗan rakiya kan ara masa sillinsa guda ya toshe gurbin, don kada tubalin ya lalace ko ya manne da ɗan uwansa kafin lokaci ya yi.

A ɗaya gefen kuma, tubalin na da wata 'yar wutsiya da ke reto. Wannan wutsiya ita ce wuƙar da za ta shiga kuben tubalin da ya riga shi hawa. Takan kama daga bakin gurbin, ta riƙa shiga daki-daki tana ture sillin ɗan rakiya, kamar yadda ake zuge zif, har ya saki ya koma ya tari wani.

A nan ne kuma amsar batun makamashi take. Sillin da ɗan rakiya ke arawa bai dace da gurbin sosai ba, don haka tubalin kan zauna a ɗame, kamar tarkon da aka ɗana. Idan wutsiyar gaskiya ta shiga, sai tubalin ya rufe a kanta ruf. Ƙarfin da ake buƙata, ashe, a jikin tubalin yake tun daga lungu.

Haɗin kuwa ba na wasa ba ne. A 2008 ayarin Rudi Glockshuber na Zurich ya ƙiyasta cewa sai an yi shekaru kimanin biliyan 3 kafin rabin irin wannan haɗi ya kwance don kansa.

Mai iso a bakin ƙofa

Wannan musanya ba a ko'ina take faruwa cikin sauri ba, sai a bakin wata ƙofa da ke jikin fatar waje. Ƙofar ita ma furotin ce, kuma sunan da aka ba ta a 1993 na nufin mai iso, irin wanda ke shigar da baƙi gaban sarki ɗaya bayan ɗaya.

Binciken da aka wallafa a 2008 ya nuna cewa ƙofar kamar ganga take, mai silli 24, da marfi a tsakiyarta. Marfin na da muhimmanci, domin rami a buɗe a fatar waje hanya ce ga duk wata guba.

A 2011 aka ga ƙofar tana tsakiyar aiki, a wani bincike da mujallar Nature ta wallafa: marfin ya kauce zuwa cikin lungu, tubalin farko kuma ya zura kai cikin ramin.

Mai iso na da hannaye biyu a ɓangaren lungu. Ɗaya na karɓar ɗan rakiya da tubalinsa, ɗayan kuma na riƙe da gindin zaren. Bayan wutsiyar sabon tubali ta shiga gurbin na baya, sai a miƙa shi ga hannu na biyu, zaren ya ɗan matsa waje, hannun farko ya jira na gaba.

Saboda haka daga gindi gashin yake tsiro, kamar dai na mutum. Abin da aka fara ɗorawa shi ke zama a tsini.

A nau'in gashin da ke kama mafitsara, furotin FimH ne ke fara shiga, kuma isowarsa ce ke buɗe marfin. Sai FimG da FimF su biyo baya, sannan FimA ya yi ta jeruwa. Ramin ba ya ɗaukar tubali fiye da ɗaya a jere, don haka sai bayan sun fita suke murɗewa su zama sanda.

A wani nau'in da ke kama ƙoda, akwai tubali na ƙarshe mai suna PapH, wanda babu wutsiyar da ke iya shiga gurbinsa. Da ya hau, gini ya tsaya.

Ba E. coli ta mafitsara kaɗai ke da wannan dabara ba. Da ita wasu 'yan uwanta masu sa yara gudawa ke saƙa gashin kama hanji, kuma da ita bakteriyar annobar da ɓeraye ke yaɗawa ke gina rigar da take kare kanta da ita.

Riƙon da ke ƙara ƙarfi idan an ja

FimH na kama wani nau'in sukari ne mai suna manos, wanda ke shimfiɗe a fatar cikin mafitsara. A 2002 masu bincike a birnin Seattle na Amurka suka gano cewa riƙon nasa ƙara ƙarfi yake idan ruwa ya fizge shi, kamar zarge. Ita kuma sandar takan warware ta miƙe, ta rage ƙarfin fizgar, sannan ta sake naɗewa.

Bayan ƙwayar ta kama, takan iya kutsawa cikin ƙwayoyin halittar mafitsara ta ɓuya, abin da masana ke ganin na daga cikin dalilan da ke sa ciwon yake dawowa.

Neman maganin da ba ya kisa

Dalilin da ya sa ake ba wannan bincike muhimmanci shi ne yadda magungunan kashe bakteriya ke rasa ƙarfinsu. Wani nazari da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa bijirewar bakteriya ga magani ta kashe mutane miliyan 1.27 kai tsaye a 2019. E. coli ce ta zo kan gaba, kuma yankin Afirka ta Yamma ne ya fi yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a.

Tunanin masana shi ne a kwance wa ƙwayar ɗamara maimakon a kashe ta, ta yadda fitsari zai ƙarasa aikin. A 2006 masu bincike na Amurka da Suwidin suka bayyana wasu sinadarai da ke hana ɗan rakiya miƙa tubali ga mai iso. An kuma ƙera wasu masu kama da manos, domin su toshe bakin FimH, kana tun a 1997 aka nuna cewa riga-kafin da aka haɗa da FimH na kare ɓeraye.

Sai dai nasara a ɗakin gwaji daban, a asibiti daban. Ana sayar da garin manos a ƙasashe da dama a matsayin kariya daga ciwon, amma gwajin da aka yi wa mata 598 a Birtaniya, wanda aka wallafa a 2024, bai nuna wani amfani na a-zo-a-gani ba. Ciwon ya dawo wa kashi 51 cikin 100 na masu shan sa, da kuma kusan kashi 56 na waɗanda aka ba gari marar magani.

Wani gwajin da aka yi a Bulgeriya, wanda aka wallafa a 2018, ya shafi mata 140 masu fama da dawowar ciwon, waɗanda da ma ba su cika shan ruwa ba. Waɗanda aka ƙara wa lita ɗaya da rabi ta ruwa a kullum, ciwon ya ragu a gare su da kusan rabi cikin shekara guda.