Wasan Hawan Bijimi na Ƙasar Amurka da Haƙƙin Dabba a Shari'a

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya hore mana dabbobi, muna hawansu, muna shan nononsu, muna cin namansu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa masu saurare, tambaya ta zo mana game da wani wasa da samari suke kallo cikin wayoyinsu bayan sallar asham, inda ake ganin mutum bisa bijimi, bijimin yana tsalle yana harbin iska har ya kayar da shi. Mai tambaya yana son sanin hukuncin wasan da hukuncin kallonsa. Malamai ba sa yanke wa abu hukunci sai sun san siffarsa, don haka da siffar za mu fara.

Sunan wasan rodiyo. Kalmar daga Sifaniyanci ta fito, ma'anarta kewaye shanu a tattara su wuri ɗaya. Asalinsa aiki ne na makiyayan Meksiko da na yammacin Amurka, waɗanda muke kira kaboyi. Shanunsu suna yawo a daji mai faɗi, sai makiyayi ya bi su bisa doki, ya jefa igiya mai zarge ya kama maraƙi don ya yi masa shaida ko magani, ya kuma hori doki mai tutsu har ya karɓi sirdi. Wannan sana'a ce, babu mai zarginta. Daga baya aka ɗauko aikin daga daji aka kawo shi fili, aka kafa kujeru, aka sa kuɗin shiga. Garin Shayen a jihar Wayomin yana yin nasa bikin tun 1897, Kalgari ta ƙasar Kanada ta fara nata a 1912, kuma ana yin babbar gasar ƙarshen shekara a Las Begas cikin watan Disamba.

Ga yadda hawan bijimin yake. Ana tsare sa a wani matsattsen keji na ƙarfe, mahayi ya zauna a bayansa, ya riƙe igiya da hannu ɗaya. Kafin a buɗe ƙofa sai a ɗaura wa bijimin wata igiyar a kwiɓi, don ya ƙara harbi yana neman rabuwa da ita. Mahayin yana da ƙaimi a diddige. Abin da ake nema gare shi ya daure sakan 8 bai faɗi ba, ɗaya hannun kuma bai taɓa dabbar ba. Maki ɗari ne, alƙalai suna ba mahayi rabi, bijimi rabi. Ku riƙe wannan da kyau, jama'a: gwargwadon yadda dabbar ta birkice, gwargwadon yadda makin yake hawa. Bijimin da ya fito ya tsaya cikin natsuwa ya ɓata wasa.

Akwai wanda ya fi wannan nauyi a zuciya, shi ne kamun maraƙi. Ana sakin ɗan maraƙi ya fita a guje, mahayi ya bi shi ya jefa masa zarge a wuya, doki ya ja burki, igiya ta fizgo maraƙin yana tsakiyar gudu. Mutumin ya diro, ya ɗaga shi ya maka da ƙasa, ya ɗaure ƙafafu uku, ya ɗaga hannu sama, taro ya yi tafi. Maraƙin ba shi da ciwon da za a yi wa magani, ba a kuma nufin yanka shi. Agogo kawai ake dubawa. A wani wasan kuma mutum yana dirowa daga doki ya kama ƙahon sa ya murɗe wuyansa har ya kwanta. A Kalgari ana tseren kekunan doki, a shekarar 2019 dawaki 6 suka mutu a cikinsa.

Adalci wajibi ne ko a kan wanda ba mu tare da shi. Masu wasan suna cewa bijimansu suna da tsada, ana ciyar da su da kyau, aikinsu ɗan lokaci ne, kuma dokar babbar ƙungiyarsu ta wajabta a ajiye likitan dabbobi a filin. A hawan bijimi ma sau da yawa mutumin ne yake karyewa. Wani gwaninsu, Lane Frost, bijimi ya kashe shi a Shayen a 1989 yana ɗan shekara 25. Amma ko a cikinsu ba a haɗu a kan yarda da abin ba. An kai wasan Landan a 1924, mutane suka yi ƙorafi, a 1934 Ingila ta yi dokar da ta hana manyan sassansa.

To me shari'a ta ce? Shari'a ba ta hana wasa da dabba gaba ɗaya ba. Ya tabbata cikin Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa an yi tseren dawaki a Madina, horarru daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a hora ba kuma aka rage musu nisa. Ku duba wannan ragin, kowane doki da gwargwadon ƙarfinsa. Gudu ɗabi'ar doki ce, kuma tseren yana gyara shi don aiki. Shari'a ba ta kuma hana duk wani zafi ba. Mai Risala, Ibnu Abi Zaid, ya halatta fiɗiyar raguna saboda gyaran nama, ya halatta shaida a jikin dabba, ya karhanta ta a fuska. Zafin da yake da amfani bayyananne, aka kuma taƙaita shi iyakar buƙata, an yi rangwame a kansa.

Abin da aka hana shi ne wahalar da babu abin da ake nema da ita sai nishaɗi. Abdullahi ɗan Umar ya wuce wasu samari sun ɗaure tsuntsu suna gwada harbi a kansa, da suka gan shi suka watse, ya shaida musu cewa Annabi ya la'anci mai mayar da abu mai rai abin gwajin harbi. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito hani ga zuga dabbobi su yi faɗa. Raƙumi ya ga Annabi ya zubar da hawaye, Annabi ya shafa shi, ya nemi mai shi ya yi masa faɗa a kan yunwa da yawan aiki. Ko zama bisa dabba ana hira tana tsaye an hana. Wanda aka hana shi mayar da bayan jaki kujera, yaya za a ba shi izinin fizgar wuyan maraƙi don tafi? Ciyarwa mai kyau haƙƙin dabba ne a kan mai ita, ba ta zama kuɗin sayen izinin azabtar da ita. Don haka abin da ya bayyana gare mu, kamun maraƙi da murɗar wuyan sa don gasa haramun ne. Hawan bijimi kuwa ya haɗa tsokanar dabba da jefa rai cikin halaka, wanda Allah Ya hana cikin Suratul Baƙara.

Kada wani ya ce wannan ta'adar Nasara ce, mu ba ruwanmu. Sallah tana tafe, kuma mun san hawan ƙaho. Sa ɗaure da igiya, kalangu yana tashi, ana ja ana tsokana har idonsa ya yi ja, sannan saurayi ya faɗa tsakanin ƙahonni. Mahauta mutanenmu ne masu daraja, da hannunsu muke cin halal, kuma gado yana da wuyar bari. Sai dai an umurci mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa, kuma san da aka wuni ana gigitawa bai samu wannan hutun ba. Haka kurar gardi da takunkumi a baki, da birin da ake ja da sarƙa kasuwa kasuwa, da ragunan da yara suke haɗawa karo. Ma'aunin da muka auna Amurka da shi, shi za mu ɗora wa kanmu.

Saura kallo. Wanda ya gani sau ɗaya don ya san abin, ko ya faɗo masa cikin waya ya wuce, babu laifi a kansa. Wanda ya mayar da shi abin hira, yana nema yana turawa abokai, ya sani cewa masu kallo su ne kasuwar wannan wasa, da yawansu ake samun kuɗin da ake rabawa, kuma ya shiga cikin taimako a kan abin da aka hana. Mai wayar da ya tara irin waɗannan bidiyoyi ya share su, ya nemi gafara, babu kaffara a kansa, azuminsa kuma bai karye ba. Allah ne mafi sani.