Matsayin Waƙa Idan Wasan Dandamali Ya Koma Fim

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba abin da ke samun waƙa idan aka ɗauke wasan kwaikwayo daga dandamali aka mai da shi fim. Hanyar dai ba baƙuwa ba ce gare mu. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun tsara labarin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama wasa, a 1976 kuma Adamu Halilu ya fito da fim ɗinsa. Haka nan Kulɓa Na Ɓarna, wasan Umaru Ɗanjuma Katsina da aka buga a 1979, Brendan Shehu ya mai da shi fim a farkon shekarun 1990.

Waƙar dandali da jama'a ake yin ta. Duk wanda ya kalli tashe ko kalankuwa a ƙauyukan Kurfi da Dutsin-Ma ya san mai waƙa na bayarwa, mutane na amshi, makaɗi kuwa na duban fuskokinsu: in sun ɗauka ya ƙara, in sun yi sanyi ya taƙaita. Wato tsawon waƙa a hannun 'yan kallo yake, kuma wasan dandamali ya gaji wannan ɗabi'a. Mai kallon fim kuwa ba ya amshi, an riga an yanke masa tsawon waƙar tun wajen tacewa. Saboda haka waƙar da ta tayar da taro takan tsayar da labari cak a fim.

A ganina, ma'aunin zaɓe guda ne: in an cire waƙar, mene ne mai kallo zai kasa fahimta? Waƙar daka da ta reno da ta kai amarya sukan tsira, domin kyamara tana nuna aikin da ya haife su, kuma a cikinsu mace kan faɗi abin da kunya ta hana ta faɗa da baki. Yabon manyan baƙi kuwa, taro na watsewa amfaninsa ya ƙare.

Masu finafinan bidiyo na Kano, waɗanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta buɗe wa hanya da Turmin Danya a 1990, wani ma'aunin suka ɗauka. Bayan Sangaya ya karɓu a 1999, waƙar soyayya irin ta Indiya, da fiyano a madadin kalangu, ita ce ta koma sayar da fim, har akan rera ta kafin a san inda za ta zauna a labarin.