Ko Kun Sani? Hotunan Bango a Wasan Minecraft

Hotunan da ake maƙalawa a bango cikin wasan Minecraft, akasarinsu zanen hannu ne na gaske. Wani ɗan ƙasar Suwidin, Kristoffer Zetterstrand, shi ya zana su da fenti, aka ƙanƙance su suka koma ɗigo-ɗigo, aka saka su a wasan tun 2010. Ƙananan cikinsu ɗigo 16 ne a tsaye, 16 a kwance. Akwai ɗaya na gasasshen nama da barkono uku, amma wallahi sai ka ƙura ido kafin ka gane. A 2024 aka ƙaro sababbi 20.

Haɗa hoton a cikin wasan ba wuya: sanduna takwas da curin ulu ɗaya. Sai dai ba kai ke zaɓa ba, wasan ne ke jefo maka wanda ya dace da filin bangon.

In ka ga yaro a Kankiya ko Kusada ya duƙufa kan wayar yayansa yana maƙala hoto, kada ka ɗauka ado kawai yake yi. Ana iya ratsawa ta cikin hoton, don haka da shi ake rufe ƙofar ɗakin ajiya, kamar an saki asaberi.