Me Ya Sa Buzuzu Ba Ya Ɓatan Kai?

Gabatarwa

A wani hutu na ƙarshen damina na je Paiko, a kan hanyar Minna zuwa Suleja, na bi kawuna gona. Da na juyo ni kaɗai sai na shige cikin dawa, na kasa bambance gabas da yamma. Ina zaune ina jiran kawu, sai ga buzuzu yana tura dunƙulen kashin shanu da ƙafafun baya, amma a miƙe sambal. Na sa tsinke na kautar da shi. Sai ya hau dunƙulen, ya juya, ya sauko ya ci gaba da bin alƙiblarsa. Ni mai hankali na ɓata, shi kuwa bai ɓata ba. Ina sirrin yake?

Kamfas A Cikin Kai

Hawan nan da buzuzu ke yi sama yake dubawa, domin da rana ko wata yake riƙe hanya. Dole ne ya miƙe, in ba haka ba zai zagayo inda 'yan'uwansa za su ƙwace masa guzuri. A shekarar 2013 Marie Dacke ta Jami'ar Lund da abokan aikinta sun nuna cewa wani buzuzun Afirka ta Kudu yana bin farin layin taurarin nan da ke ratsa sama idan babu wata.

A 2015 kuma, Johannes Seelig da Vivek Jayaraman a Amurka suka leƙa ƙwaƙwalwar ɗan ƙudan nan mai bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace. A tsakiyarta suka ga ƙwayoyin jijiya a jere kamar zobe. Wuri ɗaya ne kawai ke aiki a zoben a lokaci guda. Idan ƙudan ya juya, sai aikin ya zagaya daidai gwargwadon juyin, ko da a cikin duhu ne. Wato kamfas ke nan.

Sitiyari Da Awon Nisa

Sanin inda aka fuskanta bai isa ba. A 2024 masana a jami'o'in Harvard da Rockefeller suka bayyana wasu ƙwayoyi masu kwatanta inda ƙudan ya fuskanta da inda yake nufi. In na dama suka rinjayi na hagu, sai ya karya dama. In suka yi kunnen doki, sai ya miƙe.

Saura nisa. A 2006 Rüdiger Wehner da abokansa suka liƙa wa tururuwar hamadar Tunisiya gashin alade a ƙafa don ƙara mata tsawo, sai ta zarce ramin gidanta. Wadda aka rage wa ƙafa kuwa ba ta kai ba. Ashe taku take ƙirgawa.

Kammalawa

Duk wannan aiki, ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ƙudan ba su wuce kimanin 140,000 ba. Lallai ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Ya ɗan'uwa ɗalibi, ka lura da yadda na yi ta aron kamfas da zobe da sitiyari. Da na yi wa kawu wannan bayani ya gane, domin ya san buzuzu ya kuma san sitiyari. Amma har yanzu ƙwayoyin nan ba su da tsayayyun sunaye a Hausa. Idan mu masu nazarin harshe ba mu raɗa musu ba, wa zai yi?