Kusatsu: Ruwan da Ke Ciyar da Gari, da Kuɗin Gyaran Ɓarnarsa

Garin Kusatsu na lardin Gunma a Japan yana kan tsaunuka, kimanin mita 1,200 sama da teku. Ya shafe ɗaruruwan shekaru yana karɓar masu zuwa wanka a maɓuɓɓugansa na ruwan zafi, waɗanda ke fitar da fiye da lita 32,000 kowane minti.

A tsakiyar gari baƙo zai tarar da Yubatake, inda ruwan ke bi ta indararon katako domin ya huce kafin ya isa masaukai. Zai kuma ga yumomi, wato al'adar motsa ruwan da dogayen alluna har zafinsa ya ragu ba tare da an surka shi ba.

Abin da baƙo bai cika lura da shi ba shi ne ƙarfin asid ɗin ruwan, wanda ke cin ƙarfe da siminti. A da, shi da ruwan tsofaffin wuraren haƙar farar wuta sun hana kifi rayuwa a Kogin Agatsuma, manoma kuma suka kasa ban ruwa da shi. Tun 1964 wata tasha ta gwamnati ke zuba niƙaƙƙen dutsen farar ƙasa cikin rafin garin dare da rana don kashe asid ɗin. Laka na taruwa a madatsar ruwa ta Shinaki, kuma dole a riƙa yashe ta.

Masu masaukai na cin ribar ruwan, baitulmali na ɗaukar nauyin gyaran kogin, aikin da ba shi da ranar ƙarewa.